Kwalaben Afandi Da Alawar Auduga

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa. Yanzu ko jikokina sai na kira suna uku kafin in dace da wanda nake nema. Amma akwai wata la'asar guda a unguwar Jarwal ta Makka da ta kafe mini a rai, kuma na tabbata ba zan manta da ita ba sai ranar da aka sa ni a makara. Ba zan kama sunan kowa ba. Yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansu kuma manyan mutane ne yanzu, suna yawo cikin motoci masu sanyi, ba su san abin da iyayensu mata suka kurɓa a wannan rana ba.

A Makka aka haife ni. Iyayena ne suka zo daga ƙasar Kano, mahaifina ya rasu ina ƙarama, ya bar Inna da mu biyu, ni da yayata. Abin da zan ba ku labari ya faru 'yan shekaru bayan yaƙin Turawa na biyu, lokacin lantarki bai leƙo lungunmu ba, ruwa kuma sai masu garwa sun hawo da shi a kafaɗa. Da sana'a ɗaya Inna ta rene mu, abin sha na biki. Tana yin subiya, wadda ake jiƙa sha'ir da busasshiyar gurasa, a tace, a zuba sukari da kirfa. Tana kuma yin ruwan zabib, wato busasshen inabi. Daga Jarwal har unguwar Hindawiyya, in ana suna ko aure ko saukar karatu a gidan Bahaushe, to randunan Inna ne za su je. Har wasu gidajen Larabawa suna aikowa.

Ba wai ta fi kowa zuba sukari ba ne. Amana ce ta sa ake nemanta. Duk wanda ya san waɗannan abubuwan sha ya san halinsu: in suka daɗe a zafi sai su juya su zama abin da Allah Ya hana. Inna tana da doka guda, jiƙo ba ya wuce kwana uku a gidanta. Kullum da safe sai ta durƙusa ta kara kunnenta a bakin randa ta saurara. In ta ji shiru ta ce alhamdu lillahi. In kuwa ta ji 'yar ƙarar nan ta ƙananan kumfa, sai ta ce, "Ta fara raɗa," ta sa mu kinkimi randar mu tuntsurar a kwata, ko da yau ne bikin. Tun ina 'yar shekara bakwai nake kara kunnena kusa da nata. Na faɗi wannan ne don kada mu je gaba wani mai tausayi ya ce ai yarinta ce ta sa ni.

Da na kai kamar shekara ashirin sai cutar yana ta rufe idanun Inna, aikin ya dawo hannuna. Ni ke jiƙawa, ni ke tacewa, ni ke shan hayaƙi, amma in an sha sai ka ji an ce, "Kai, subiyar Inna ba ta da na biyu!" Abin yana ci mini rai. So nake wata rana a kira ni ni ma, a ce wannan hannun wance ne.

A daidai wannan lokaci Allah Ya dawo mana da mijin yayata daga Masar. Mu kira shi Afandi, sunan girma na 'yan bokon Masar, don haka 'yan unguwa suka laƙaba masa, shi kuma sakaran yana amsawa da murna, bai gane dariya ake masa ba. Shekara biyu ya yi a can. Ya tafi da jallabiya ɗaya, ya dawo da jar dara mai tuntu, da gashin baki da yake shafa wa mai, da wani hali na kallon mutane ta saman hanci. Ba ya iya haɗa jimla biyu bai ce "a Masar" ba. In ka ba shi shayi, a Masar ba haka ake dafawa ba. In jaki ya yi kuka, a Masar jakuna sun fi ladabi. Ya ce mana shi ne babban mai kula da baƙi a wani otal na Turawa. Sai bayan shekaru wani alhaji da ya san shi a can ya gaya mana wanke-wanke yake yi a bayan madafa, ko ƙofar falon ba a barinsa ya tsallaka.

Abu guda na kirki da ya kawo shi ne wani inji mai kama da babban kwano, a tsakiyarsa akwai ɗan gwangwani mai hudoji, ƙarƙashinsa risho, a gefe kuma mariƙi da ake murzawa. In aka zuba sukari aka kunna wuta aka murza, sai wasu zarurruka farare su riƙa fitowa suna taruwa kamar auduga. Larabawa suna ce mata gazlil banat, mu kuma muka ce alawar auduga. In ya ɗiga jan kala a sukarin sai ta fito ruwan hoda. Gaskiya abar da ban sha'awa, wannan ba zan hana shi ba.

Ana cikin haka wata Hajiya ta zo gidanmu, matar wani babban mutum cikin Hausawan Jarwal, mai saukar da alhazai. Gwaggonta ce ta iso Makka. Tsohuwar ta baro gida da mijinta shekara tara da suka wuce, a ƙafa. Suka ratsa ƙasar Cadi, suka zauna a Sudan suna aikin gona don su sami na jirgin ruwa, mijin ya rasu a can, ita kaɗai ta ƙaraso. Hajiya za ta tara mata walimar barka da zuwa, ta gayyaci duk manyan matan unguwa.

"Inna," in ji Hajiya, "na ji an ce idanu sun matsa miki. Ni dai ba na son abin kunya a gaban Gwaggo. In ba za ki iya ba ki gaya mini tun yanzu, ba komai."

Inna ta lalubo wuyan hannuna ta ɗora a kan tafin Hajiya. "Ga hannuna nan. Duk abin da yarinyar nan ta miƙa miki, ni na miƙa miki. Ki sha da ido a rufe."

Sunan da ta yi shekara talatin tana ginawa ke nan ta ɗauka ta ɗora mini a ka. Ni kuwa abin da kawai ke yawo a zuciyata shi ne, ga ranar da za a san ni ta zo.

Washegari na je Hindawiyya gidan yayata, bakina bai iya riƙe magana ba, na ba su labari. Afandi ya gyara zaman dararsa ya yi wata dariya ta raini. "Subiya! Kullum subiya! Ke ba ki gaji da shayar da mutane ruwan gurasa ba? Zauna ki ga yadda manya ke biki a Masar."

Ya aika aka sayo kazuza, ruwan kwalba mai kumfa da ake kawowa daga Jidda. Ya kunna injinsa, ya naɗo audugar mai ruwan hoda ya cusa a kofin gilashi har ta yi tozo, sannan ya tsiyaya kazuzar a kai. Wallahi kafin in ƙifta ido audugar ta ɓace, ruwan ya rine ya zama ja-ja, kumfa na tsalle har bakin kofi. Na saki baki. Nan take na hango matan Jarwal suna tafa hannu suna kiran sunana.

"To mu sayi kazuzar da yawa," na ce.

Ya tsuke fuska. "Kazuza ruwan yara ce, kowane ɗan dako ya sha ta. Wanda Turawa ke zubawa na inabi ne, da idona na gani, har hoton inabin a jikin kwalbar. Zabib kuma mene ne in ba inabi ba? Ki dafa ruwan zabib ɗinki, ki cika shi da sukari, mu ɗura a kwalabe mu toshe da ƙarfi mu ɗaure da waya. Kwana shida, kumfar da kanta za ta zo."

"Kwana nawa, Yaya?"

"Shida."

"Inna ba ta wuce uku."

"Inna a randa take yi, ya shekha!" ya ce da ɗan Larabcinsa na Masar. "Randa baki buɗe, komai na faɗawa ciki. Wannan kwalba ce, a toshe. Iska ba ta shiga, ƙuda ba ya shiga. To ta ina haramcin zai shiga?"

Ku ji fatawa don Allah. Mutumin da ko alwala sai an yi masa gyara, shi ne yau yake gaya mini ta inda haram ke shiga da ta inda ba ya shiga. Shi dai ya leƙa ta ƙofar madafa ya hango Turawa suna ɗaga kofuna, bai taɓa tambayar kansa me ke cikin kwalbar da ke sa su dariya har su faɗo daga kujera ba. Wannan shi ne iyakar iliminsa na Masar. Ni kuma, da na tashi da kunne a bakin randa, na gyaɗa kai na ce to. Muka shirya a gidansa za a yi, kada Inna ta ji, wai don mu ba ta mamaki. A gida na jiƙa subiya kamar kullum, a kan ƙa'ida. A Hindawiyya kuma muka ɗura kwalabe talatin muka jera a ƙarƙashin gado, a tsakiyar zafin Makka da ke narka kitse a inuwa.

Rana ta huɗu na koma dubawa, na tarar da yayata a tsakar gida tana sharar fasassun gilashi, ranta a ɓace. "Biyu sun fashe da hantsi," ta ce. "Na zaci harsashi ne. Ke, ɗakin nan wani irin wari yake, ni ban yarda da abin nan ba."

Na shiga. Ban ma kai ga gadon ba warin ya tare ni, tsami-tsami da zaƙi-zaƙi, irin wanda ke tashi daga kwata duk ranar da Inna ta sa muka zubar da randa. Na ɗauki kwalba guda na kara a kunne. Wannan ta wuce raɗa, surutu take yi.

"Yaya," na ce wa Afandi da ya biyo ni ɗakin, "abin nan ya juya."

"Ya nuna dai!" in ji Afandi, yana murza gashin baki. "Fashewar ita ce shaidar ƙarfinsa. A Masar in za a buɗe sai kowa ya ja da baya. Ɗan tsamin nan kuwa, aikin audugar ke nan, ita za ta rufe shi. Ki sa ƙanƙara da yawa. Ko so kike ki koma ki kai musu ruwan gurasa, su ce da Inna ce da ya fi haka?"

Wannan magana ta ƙarshe ita ta same ni. Na mayar da kwalbar ƙarƙashin gado da hannuna. Na gaya wa kaina ai ɗan kaɗan ne, ai kofi ɗaya-ɗaya za a sha, ai wataƙila na kwalba daban yake da na randa. Duk ƙaryar da mutum ke yi wa kansa in yana son abu, na yi ta a kan hanyar komawa gida.

Ranar walima bayan sallar la'asar gidan Hajiya ya cika. An shimfiɗa dardumai a babban ɗakin bene, an jera matasai, turaren wuta na tashi. Mata sun kai arba'in, kowacce ta ci ado, ana ta gaisawa rabi da Hausa rabi da Larabci. Afandi yana ƙasa a zaure, tunda namiji ba ya hawa, yana murza injinsa yana zufa, jar darar nan a ka. Gwaggo tana zaune a tsakiya, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa, ƙafafunta duk faso, fuskarta sai murmushi. An zaunar da Inna kusa da ita, suna ta hirar gida, wane gari ne kusa da wane, wa ya san wa.

Na fara zagawa da subiya, aka sha aka yaba kamar yadda aka saba. Sannan na sulale madafa can bayan gida, na rufe ƙofa, na kwance wayoyin kwalaben ɗaya bayan ɗaya. Kowacce na buɗe sai ta yi tsaki ta yi ambaliya. Na juye su a manyan butoci a kan ƙanƙara, na wanke hannuna da ruwan wardi. Na jera kofunan gilashi a faranti, kowanne da tozon audugarsa mai ruwan hoda, na shigo.

Na durƙusa gaban Gwaggo, tunda ita ce mai walima, na ajiye mata kofi. Ta ƙura masa ido, ta taɓa audugar da ɗan yatsa, ta fashe da dariya.

"Ikon Allah! 'Yar nan, shekara shida ina tsintar auduga a Sudan har farcena ya ƙare, ban taɓa ganin mai wannan launi ba. Kaɗi za mu yi ko saƙa?"

"Sha za ki yi, Gwaggo," na ce, na tsiyaya.

Audugar ta narke, kumfa ta taso. Mata suka ɗauki salati, wata ta rangaɗa guɗa. Gwaggo ta yi bisimilla ta kurɓa, ta lumshe ido, ta shanye tas, ta miƙo kofin. "Ƙara mini. Ashe haka abin shan Makka yake! Allah na gode Maka da Ka nuna mini."

Na ƙara mata. Na bi sauran mata ina zubawa, kowacce tana so ta ga audugarta ta ɓace a gabanta. Sanyin ƙanƙara da zaƙin sukari suka rufe komai, kamar yadda Afandi ya faɗa. Na ji Hajiya tana ce wa ta kusa da ita, "Wallahi yarinyar nan ta fi uwarta." Kaina ya yi girma har na ji ɗankwalina ya matse ni. Da na zo kan Inna sai na tsallake ta, na sake cika mata kofinta da subiya na wuce.

Gwaggo ce ta lura. "A'a, ƙawata ba a ba ta ba! 'Yarki ta yi abin mamaki ke ba ki ɗanɗana ba? Ungo nawa." Ta kama hannun Inna ta danƙa mata kofin, da sauran ruwa a ciki.

Ina tsaye da buta a hannu ina kallo. Inna ta ɗaga kofin. Ba ta kai shi baki ba, kunne ta kai shi. Ta jima a haka. Sannan ta sauko da shi wajen hancinta, ta shaƙa sau ɗaya, ta ajiye shi a kan darduma a hankali.

"Ina yarinyar nan?"

"Ga ni, Inna."

"Kwana nawa?"

Da ta tambaye ni a ɓoye wataƙila da na yi ƙarya. Amma idanun nan farare da ba sa gani sun juyo daidai inda nake. "Shida," na ce.

Babu wadda ta gane abin da muke magana a kai. Ana ta hira, ana ta dariya. Da Inna ta yi shiru a nan, da an watse ana sa mana albarka, da washegari gidaje goma sun aiko nemanmu. Ta san da haka sarai. Ta ɗaga murya, muryar da ban taɓa jin ta da ita ba. "Kowacce ta ajiye kofinta. Wadda ke da shi a baki ta tofar. Abin nan ya juya, giya ce."

Wayyo, ku zo ku ga mata! Kofuna suka riƙa faɗuwa. Masu a'uzu billahi na yi, masu kakari na yi, wata ta ruga taga tana tofar da yawu a kan titi. Abin da ya fi ba ni haushi har yau, nan take kowacce ta zama masaniya. Wata da ta zo ta Cadi ta ce ita tun farko ta ji warin marisa, giyar can, ta ɗauka hancinta ne. Wata ta ce ita dama kurɓa ɗaya ta yi don kara, alhali ni na cika mata sau uku, har tana roƙona in ajiye mata na mijinta. Hajiya ta miƙe ta ce a kulle ƙofar bene, kada wadda ta fita. Tana da gaskiya. A garin nan, a wancan zamani, in magana irin wannan ta kai kunnen 'yan hisba masu yawo da sanda a kasuwa, bulala ce a bainar jama'a, wanda ba shi da takardar zama kuma a tasa ƙeyarsa zuwa jirgi. Gidan mijinta ma ba mai sake saukar masa da alhaji.

Ana cikin wannan ruɗani sai ga muryar Afandi daga ƙasan matakala, cike da fara'a: "A ƙaro auduga ne? Na ji ana guɗa!"

Yayata, da ke cikin matan, ta sauka ta gaya masa. Muna jin sa daga sama yana musu, wai ƙauyanci ne ke damun matan Jarwal, a Masar har limamai suna sha. Da ya ji an ambaci bulala sai maganar ta tsaya cak. Da aka leƙa, babu shi babu dalilinsa, ya bar injin yana ta hayaƙi, sukari na ƙonewa.

Duk wannan hayaniya Gwaggo tana zaune tana kallon kofin da ke gaban Inna. Can sai na ga ta juya baya ta zura yatsu biyu a maƙogwaro, tana ƙoƙarin amayarwa, abin ya ƙi fitowa, hawaye na zuba. Mata suka kewaye ta suna cewa, "Gwaggo, ba ki da laifi, ba ki sani ba, Allah ba Ya kama wanda bai sani ba."

"Na sani," ta ce. "Na san ba Ya kamawa. Amma shekara tara ina hanya. A Sudan a bakin gona ake sayar da giya, ƙishirwa kamar ta kashe ni, ban taɓa kallon inda take ba. Na binne mijina na taho da bakina a tsarkake. Sai a nan, ina jin kiran sallar Harami da kunnena, na sha har na ce a ƙara. Gobe da wane baki zan sumbaci Hajarul Aswad?"

Inna ta lalubi bango ta miƙe, ta juya wajen da take jin numfashin Hajiya. "Hajiya, ni na ce miki ki sha da ido a rufe. Laifin a wuyana yake, kada ki nemi kowa. Gwaggo, ki yafe mini don Allah." Hajiya ta sa aka tuntsurar da butocin a bayan gida aka bi da ruwa, ta roƙi matan su rufa mata asiri, sannan ta buɗe mana ƙofa.

Na riƙe hannun Inna muka gangaro gida kafin magariba. A bakin lungunmu muka tarar da Afandi ya raɓe a jikin bango, ya cire darar ya cusa a hammata don kada a gane shi. Yana ganinmu ya taso. "Haba Inna! Da kin yi shiru wa zai sani? Kowa na yabo, ki zo ki watsa mana ƙasa a ido?"

A nan na samu inda zan sauke abin da ke cikina. Na wanke shi tas. Na kira shi jahili, maƙaryaci, wanda ya je Masar ya dawo da hula ya baro hankali. Na ce shi ya ja mana, shi ya ruɗe ni, shi ya kashe mana sana'a. Ina faɗa ina kuka, har maƙwabta suka fara leƙowa. Inna ta bar ni sai da na gaji don kaina, sannan ta ja ni muka shiga gida ta sa na rufe ƙofa.

"Ƙyale shi," ta ce. "Wannan bai san komai ba, haka Allah Ya yi shi. Ke nake tambaya. A ina kika buɗe kwalaben?"

"A madafa, Inna."

"Da ƙofa a buɗe ko a rufe?"

"A rufe."

"Da kika zagayo da buta, me ya sa kika tsallake ni?"

Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Ta jira ni. Da ta ji shirun ya yi yawa sai ta saki hannuna, ta lalubi hanyar ɗakinta ita kaɗai, abin da rabonta da yi tun da idanun suka rufe.

Maganar ba ta kai ga hukuma ba, amma asirin da mata arba'in suka riƙe kun san inda yake kwana. Ba wanda ya zo ya zage mu. Aike ne kawai ya ɗauke. Aka yi suna a gidan da ke jikin namu, muna ji ana shigar da randunan wata. Ba a ce 'yar Inna ta shayar da mutane giya ba, cewa aka yi a gidan Inna aka yi, don sunanta aka sani. Afandi kuwa ko a jikinsa. Bayan mako biyu ya aika aka karɓo masa injinsa, ya kafa shi a bakin kasuwa yana sayar wa yara alawa, yana ba duk wanda ya tsaya labarin yadda ya kusa wayar da kan Jarwal aka yi masa hassada.

Inna ta rabar da randunanta. Ta sa na saya mata buhun hatsi da ɗan kwano, kullum da safe in kai ta kusa da ƙofar Harami in zaunar, tana sayar wa alhazai tsabar da suke watsa wa tattabaru. Matan da a da suke tashi tsaye in ta shigo biki suna wucewa ta gabanta, wasu su gaishe ta, wasu su yi kamar ba su gan ta ba, tunda sun san ita ba ta ganinsu. Shekara huɗu ta yi a wannan wuri har Allah Ya karɓi abarsa, kuma ko sau ɗaya ba ta sake tayar mini da maganar ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na daɗe ina ba da labarin nan a matsayin labarin wautar Afandi, mutane suna dariya, ni ma ina taya su. Har gobe ina raina shi, Allah Ya jiƙansa. Amma abin da na koya shi ne, wawa shi kaɗai ba ya iya yin ɓarna mai girma, sai ya sami mai sani da ya yarda ya kau da kai ya riƙe masa buta. Shi ya faɗi shirmensa ne da zuciya ɗaya. Ni na sani, na zuba wa tsohuwa da hannuna, uwata kuma ta biya da zaman rana.